A Bakin Ƙofa: Rashi da Rushewar Aƙida a Fim ɗin La meglio gioventù



 

Fim ɗin da zan yi magana a kansa na ƙasar Italiya ne, da Italiyanci aka yi shi, sunansa La meglio gioventù, wato zaɓaɓɓun matasa. Ya fito a 2003. Marco Tullio Giordana ne ya ba da umarni, Sandro Petraglia da Stefano Rulli suka rubuta labarin. Tsawonsa awa shida ne da 'yan mintoci. Asali gidan talabijin na gwamnati, RAI, aka shirya wa shi a kashi huɗu, amma tun kafin a haska shi a talabijin aka kai shi bikin fina-finai na Cannes a Faransa, ya ciyo kyautar sashen da ake kira Un Certain Regard. Daga nan ya shiga gidajen sinima a kashi biyu, sai a watan Disamba na wannan shekarar ya isa talabijin. A 2004 ya lashe kyautar David di Donatello ta gwarzon fim, wadda ita ce babbar kyautar fim a Italiya.

Duk wanda aka tambaya labarin me fim ɗin yake bayarwa, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce: tarihin Italiya ne daga 1966 zuwa 2003, an bi da shi ta cikin gida ɗaya. Wannan gaskiya ne. Akwai ambaliyar birnin Fulorens, akwai boren ɗalibai, akwai ta'addancin shekarun 1970, akwai korar ma'aikatan Fiat, akwai Mafiya a Sisili. Amma ni a ganina da tarihi ne kaɗai abin da ke cikinsa, da ba zai riƙe mutumin Kano ko na Zinder awa shida a zaune ba. Abin da ke riƙe mai kallo tambaya ce guda, wadda fim ɗin ya yi ta maimaitawa ta bakin ƙofofi daban-daban: idan naka ya kama hanyar fita, kana ji a jikinka ba alheri zai tarar ba, me ya wajaba a kanka? Ka tare shi, ko ka girmama ra'ayinsa ka matsa gefe? A kan wannan tambaya aƙidar jarumin fim ɗin ta ginu, a kanta kuma ta rushe.

Gidan da ake magana gidan Carati ne, a birnin Roma. Uban, Angelo, ɗan kasuwa ne mai yawan dabaru da buri. Uwar, Adriana, malamar makaranta ce. 'Ya'yansu huɗu: Giovanna babbar ya, wadda ta zama alƙaliya, Francesca 'yar auta, a tsakiya kuma maza biyu, Nicola da Matteo. Luigi Lo Cascio ne ya fito a Nicola, Alessio Boni ya fito a Matteo. Nicola yana karatun likita, mutum ne mai sakin fuska, duk inda ya zauna sai ya yi abokai. Matteo yana karatun adabi, ya fi ɗan'uwansa kaifin basira, amma mutum ne mai zurfin ciki, kamar kullum da abin da ke cin sa. Ranar jarrabawar baka ya yi saɓani da farfesansa, ya miƙe ya fice. Shi kuwa Nicola ya ci tasa, har farfesan ya ba shi shawarar ya bar Italiya tun da sauran ƙarfinsa, don ƙasa ce kyakkyawa da tsofaffi suka danne.

A damunar 1966 'yan'uwan biyu sun shirya tafiya yawon buɗe ido da abokansu har ƙurewar arewacin Norwe. Sai wata yarinya ta shigo tsakani. Sunanta Giorgia, Jasmine Trinca ce ta fito a matsayinta, tana kwance a wani asibitin masu taɓin hankali inda Matteo yake ɗan aikin raka majinyata shan iska. Matteo ya ɗauke ta hoto. Da Nicola ya duba hotunan da idon ɗalibin likita, sai ya ga tabon ƙuna a gefen goshinta, ya gane ana jona mata wutar lantarki a ka. Da dare Matteo ya sace ta daga asibitin. Suka yi ta neman mahaifinta har suka same shi, ya nuna ba shi da wurin ajiye ta.

Ina so mu tsaya a fitowar da ta biyo baya, don duk sauran fim ɗin daga ita ya tsiro. Suna tashar jirgin ƙasa. An ba Giorgia kuɗi ta je ta sayo askirim ita kaɗai, abin da ta daɗe ba a yarda ta yi ba: ta shiga cikin mutane, ta yi ciniki, ta dawo. Niyyar mai kyau ce. Sai 'yan sanda suka lura da ita, suka tambaye ta takardu, ta ruɗe. Suka tasa ta gaba. Samarin biyu suna can tsallake suna kallo. Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Ita ma ba ta nuna su ba, ta dai waiwayo ta dube su. Babu kiɗan tashin hankali, babu gudu, babu ihu. Yara ne biyu da tsoro ya kama, suka bari aka tafi da wadda suka ɗauko da hannunsu.

Daga wannan tasha hanyarsu ta rabu. Matteo ya watsar da jami'a ya shiga soja, daga baya ya zama ɗan sanda. Da aka tambaye shi dalili, abin da ya nuna shi ne yana neman wurin da akwai doka, a ba shi umarni ya bi, kada a sake barin sa da zaɓi. Nicola ya ci gaba shi kaɗai zuwa Norwe, ya yi aiki a masana'antar katako, ya kuma yanke shawarar zama likitan ƙwaƙwalwa. Laifi ɗaya suka yi, kowa ya ɗauki darasi daban. Ɗaya ya ce ba zai ƙara amincewa da 'yanci ba, ɗaya ya ce ba zai ƙara yarda a kulle ɗan Adam ba.

Ranar 4 ga Nuwamba 1966 kogin Arno ya yi ambaliya ya shanye Fulorens. Laka ta cika babban ɗakin karatu na ƙasa, ta lalata littattafai da zane-zanen da suka shekara ɗaruruwa. Matasa suka yi ta kwararowa daga ko'ina, suna miƙa wa juna littattafai hannu da hannu daga cikin taɓo, har Italiyawa suka raɗa musu suna mala'ikun laka. A nan 'yan'uwan suka sake haɗuwa, ɗaya da kakin soja, ɗaya ɗan sa-kai. A nan kuma Nicola ya ga Giulia, wadda Sonia Bergamasco ta fito a matsayinta, tana kaɗa fiyano a fili a tsakiyar ɓarnar. Wannan shi ne lokacin da aƙidar wannan tsara take da tsabta: ga abu ya lalace, mu sa hannu mu gyara. Suka koma Turin tare, suka shiga boren ɗalibai, suka haifi 'ya mace, Sara.

Domin a fahimci Nicola sai an san wani mutum na gaske, Franco Basaglia. Likitan ƙwaƙwalwa ne da ya karɓi shugabancin asibitin mahaukata na Gorizia a 1961, ya tarar da mutane a ɗaure a gadaje, an raba su da tufafinsu da sunayensu. Ya hana ɗauri, ya buɗe ƙofofin ɗakuna, ya riƙa zama taro da majinyata ana jin ta bakinsu. Daga 1971 ya ci gaba da aikin a Trieste. Hujjarsa ita ce, rabin abin da ake gani a jikin majinyaci ana cewa hauka, kullen ne ya haifar da shi. Nicola almajirin wannan tafarki ne. A fim ɗin mun gan shi ya tsaya wa majinyata har suka ba da shaida a kotu a kan likitan da ke azabtar da su da lantarki, kuma an yi irin wannan shari'a da gaske a Turin a 1974. Mun kuma gan shi ya je binciken wani gida, ya sa aka buɗe wani ɗaki da aka ɓoye, ya tarar da mutane a ɗaure cikin ƙazanta. A cikinsu akwai Giorgia, bayan shekaru masu yawa.

Wannan fitowa ba baƙuwa ba ce a idonmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane sama da ɗari uku, da yawansu da mari a ƙafa. Mafi yawa danginsu ne suka kai su, kuma ba don ƙiyayya ba, sai don sun rasa yadda za su yi. Sai a farkon 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Saboda haka idan Nicola ya kwance igiya daga hannun Giorgia, mun san abin da yake kwancewa.

Yanzu ku dubi wannan haɗuwar kwanaki. Ranar 16 ga Maris 1978 ƙungiyar Brigate Rosse, wato Jar Runduna, ta sace Aldo Moro, tsohon firaminista, ta kashe masu tsaronsa biyar. Bayan kwana 55, ranar 9 ga Mayu, aka tsinci gawarsa a bayan mota a tsakiyar Roma. Kwana huɗu bayan haka, ranar 13 ga Mayu, majalisa ta zartar da doka mai lamba 180, wadda ake kira dokar Basaglia, da ta hana buɗe sababbin gidajen mahaukata, ta kuma sa aka fara rufe tsofaffin. Mako ɗaya, tsara ɗaya, duka sun taso ne daga cewa duniya ba ta tafiya daidai. Wasu suka ɗauki mabuɗi, wasu suka ɗauki bindiga. Hikimar marubutan fim ɗin ita ce da suka kwantar da waɗannan biyun a gado ɗaya. Nicola ne mai mabuɗin, Giulia ce mai bindigar.

Giulia ta daina kaɗa fiyano. Ta fara ganin aikin uban 'yarta a matsayin shafa mai a kan gyambo, ita so take a tumɓuke tsarin gaba ɗaya. Baƙin fuskoki suka fara zama a ɗakinta ana rufe ƙofa. Wani dare ta haɗa jakarta. Nicola ya farka ya same ta a bakin ƙofa. Ya san inda za ta. Yarinyarsu tana barci a ɗaki. Ya yi mata magana, amma bai tsaya a gabanta ba, bai riƙe jakar ba. Mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa ga cewa ba a kulle kowa, ta yaya zai kulle matar da yake so? Ta fita, ta shiga Jar Runduna, ta ɓace shekaru. Sau ɗaya ta nemi ganin Sara daga nesa, a gidan adana kayan tarihi, a 1982, lokacin da hankalin ƙasar duka ya tafi ga gasar cin kofin duniya. Ta rina gashinta, ta sa baƙin tabarau, ta wuce kusa da 'yar cikinta ba ta iya cewa ni ce ba.

Shi kuwa Matteo, kakin bai ba shi natsuwar da ya nema ba. A wata arangama a Turin aka raunata abokin aikinsa rauni mai muni, shi kuma ya huce a kan wani mai zanga-zanga har ya kusa kashe shi. Aka yi ta yi masa canjin wurin aiki. A Palermo ya haɗu da wata budurwa mai sha'awar ɗaukar hoto, Mirella, wadda Maya Sansa ta fito a matsayinta. Da ta tambaye shi sunansa, sai ya ce Nicola. Wannan ƙaramar ƙarya ta fi dogon jawabi bayyana shi: mutum ne da ke ganin ɗan'uwansa ne ya cancanci a so, ba shi ba. Mahaifinsu ya kamu da ciwon daji ya rasu, Matteo bai samu ya zauna da shi yadda ya kamata ba, wannan ma ya haɗiye. Shekaru bayan haka suka sake haɗuwa da Mirella a wani ɗakin karatu a Roma, soyayya ta ƙullu, amma duk lokacin da ta matso sai ya ja da baya, har da wulaƙanci.

Daren shiga sabuwar shekara ta 1984. Mirella ta zo masa da magana, ya kore ta ba tare da ya saurara ba. Ya biya gidan mahaifiyarsa, ya tarar da dangi a cike, ana wasan kati ana dariya. Ya zauna kaɗan, ya yi wasa da yara, ya rungumi uwarsa, ya ce aiki na jiransa. Babu aikin da ke jiransa. Nicola ya gan shi yana fita, ya kuma bar shi ya fita. Matteo ya koma ɗakinsa shi kaɗai, ya ɗaga waya ya nemi Mirella, maganar ba ta yiwu ba. A waje gari ya ɗauki ƙarar wasan wuta, a talabijin ana murna. Ya fita baranda, ya faɗa. Kyamara ba ta bi shi ba. Ta tsaya a cikin ɗakin da ba kowa.

Fim ɗin bai taɓa faɗin dalilin Matteo ba. Bai bar wasiƙa ba, ba a kawo wani likita ya yi bayani ba, alhali ɗan'uwansa likitan ƙwaƙwalwa ne. Ina roƙon marubutanmu su lura da wannan. Mu kan ji tsoron barin mai kallo da tambaya, sai mu sa jarumi ya zauna ya zayyana ciwonsa dalla-dalla. Amma duk gidan da aka taɓa yin irin wannan rashi sun san cewa abin da ya fi mutuwar ciwo shi ne rashin amsa. Kowa a gidan Carati ya koma yana bincika kansa: me na gani na kau da kai, me ya faɗa ban ji ba.

Yadda aka nuna baƙin cikin uwar ya isa darasi shi kaɗai. Adriana Asti, tsohuwar 'yar wasan da ta fito a wannan matsayi, ba ta yi kururuwa ba. An je kwashe kayan mamacin, ɗakinsa cike da littattafai, don ɗan sandan nan bai taɓa daina karatu ba. Ta ɗebo wasu a hannu, aka fito titi. Tana cikin tafiya sai ta fara jifa da su a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi. Malamar makaranta ce, ta shekara da shekaru tana gaya wa 'ya'yan mutane cewa littafi yana ceton rai, ga shi ɗanta da ya fi kowa karatu littafi bai cece shi ba. Aƙidarta ce take jefarwa a kan kwalta. Bayan haka ta koma aji, ta tsaya gaban yara, ta ga ba za ta iya ba, ta ajiye aikin. A wurinmu idan aka yi rashi gida kan cika, a yi zaman makoki, maƙwabta su kawo abinci, a yi ta shigowa ana cewa ya haƙuri, har mai rashi ya samu inda zai jingina kafin ƙafarsa ta dawo. Fim ɗin bai ba Adriana wannan ba. Ya bar ta a gida mai faɗi ita kaɗai, kowane ɗa yana garinsa yana fama da nasa.

A nan ne Nicola ya yi wa kansa hisabi. Ya faɗa da bakinsa cewa mutum biyu ya gani a bakin ƙofa, duka biyun yana iya tsayar da su, bai yi ba, saboda ya ɗauka kowa yana da ikon rayuwa yadda ya ga dama. Sai ya tambayi kansa wane irin 'yanci ne mutuwa. Wannan ita ce rushewar aƙidar da nake nufi, kuma ta fi ta siyasa zafi. Ba wai ya gano aƙidar ƙarya ba ce. A asibiti gaskiya ce, Giorgia shaida ce. Abin da ya gano shi ne, wani lokaci abin da yake kira girmama ra'ayin mutum, tsoron rigima ne ya sa masa riga mai kyau. Matsawa gefe ya fi sauƙi a kan a riƙe hannun mutum a ce ba inda za ka, ka zage ni in ka so.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya fi raba kan masu kallo. Carlo, abokinsa tun na ƙuruciya kuma mijin Francesca, ya zama babban jami'i a Babban Bankin Italiya, sunansa kuma ya shiga jerin waɗanda Jar Runduna za ta kashe. Giulia da kanta ta aiko da gargaɗi a ɓoye. Wannan ba ƙirƙira ba ce mai nisa da gaskiya: a watan Maris na 1985 ƙungiyar ta harbe masanin tattalin arziki Ezio Tarantelli a jami'ar Roma. Nicola ya shirya haɗuwa da Giulia a dandalin Kolosiyum, ya sanar da hukuma, aka kama ta a gaban idonsa. Aka yanke mata shekara 17. Mutumin da ya yi suna wajen buɗe ƙofofi shi ne ya sa aka rufe uwar 'yarsa, don kada ta kashe wani, kada kuma a kashe ta. Ya bi ta gidan yari ya nemi ta aure shi, ta ƙi. Ni ina ganin daidai ya yi, kuma ina ganin bai taɓa sonta kamar ranar ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A Italiyar wancan lokaci wannan mataki ba wasa ba ne: a watan Janairu na 1979 ƙungiyar ta kashe Guido Rossa, ma'aikacin masana'anta kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago a Jenowa, saboda ya kai rahoton abokin aikinsa da ke raba takardunta.

Tsakanin sakin da ya yi wa Matteo da kullen da ya yi wa Giulia akwai hanya ta uku, kuma Giorgia ce ta same ta. Da ya ciro ta daga ɗaurin bai ce mata ga ƙofa nan a buɗe, Allah ya kiyaye hanya ba. Ya zauna da ita shekaru. Ta ƙi magana, ya jira. Ta ƙi fita, ya jira, yana dawowa yana sake tambaya, har ranar da ta yarda ta koma wani gida da tsofaffin majinyata ke zaune tare, ta taka da ƙafarta. Dokar 180 kanta ta gamu da wannan jarrabawa. Rufe asibitocin ya ɗauki kusan shekara ashirin. Inda aka gina cibiyoyin kula da mutane a unguwanni, kamar Trieste, abin ya yi kyau. Inda aka buɗe ƙofa kawai ba a tanadi komai ba, nauyin ya faɗo a kan iyaye mata da 'yan'uwa.

Giorgia ce kuma ta mayar wa gidan Carati abin da suka rasa. A 1992 Nicola ya ga hoton idanun Matteo a sanarwar wani baje kolin hotuna. Ya yi ta jan ƙafa, ita ta matsa masa lamba ya nemo wadda ta ɗauki hoton. Ya sauka Palermo a kwanakin da Mafiya ta tayar da bam a Capaci, ranar 23 ga Mayu, ta kashe alƙali Giovanni Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku. Yayarsa Giovanna tana cikin alƙalan da suka zaɓi aiki a Sisili duk da haɗarin. A can ya sami Mirella, ta gaya masa maganar da ta je faɗa wa Matteo a daren nan: ciki gare ta. Yaron, Andrea, yana nan ya girma a tsibirin Stromboli. Nicola ya kai mahaifiyarsa. Tsohuwar da ta jefar da littattafai ta zauna tana ba jikanta labarin ubansa, ta ƙarasa kwanakinta a wurinsu.

Ina son wannan fim ƙwarai, shi ya sa ba zan rufe baki a kan inda ya gaza ba. Ya yi wa Giulia sassauci. Mun ga kaɗaicinta, mun ga kewar 'yarta, mun ga ranar da ta fito ta kama aiki a ɗakin karatu a Fulorens, Sara ta neme ta, ta sa ta sake taɓa kayan kiɗa a coci. Amma ba mu shiga gidan ko mutum ɗaya da ƙungiyarta ta mayar da 'ya'yansa marayu ba. Fim ɗin da ya san zafin rashi haka bai kamata ya tsallake wannan ƙofa ba. Haka kuma bama-baman 'yan ra'ayin Fasist, na dandalin Fontana a Milan a 1969 da ya kashe mutum 17, da na tashar jirgin Bologna a 1980 da ya kashe 85, ba su samu gurbin da ya dace da su ba, sai a 2012 Giordana ya yi fim guda a kan na Fontana. Sannan akwai Vitale, abokinsu ɗan Sisili, ma'aikacin Fiat da guguwar 1980 ta raba da aikinsa, shekarar da kamfanin ya dakatar da ma'aikata kusan dubu 23 kuma yajin aikin kwana 35 ya karye. Fim ɗin ya mayar da shi ɗan kwangilar gini, shi ne ma ya gyara wa Carlo katafaren gidan gona a Toskana inda kowa ya taru a ƙarshe. Dubban takwarorinsa ba su da aboki a Babban Banki. Warakar da fim ɗin ya nuna ta masu hali ce.

Akwai kuma fitowar da ta fi kowace suna, wadda na san da yawa sun zubar da hawaye a kanta. Shekaru sun wuce, shaƙuwa ta shiga tsakanin Nicola da Mirella, amma kunyar mamaci ta hana su. Suna tafiya a wata hanya cikin itatuwa, sai Matteo ya bayyana a bayansu, ya dafa kafaɗunsu su biyun, ya yi 'yan taku tare da su, ya sake su. Daga nan suka samu ikon kusantar juna. An ɗauke ta da kyau, 'yan wasan kuma sun yi abin da ya kamata. Duk da haka ban yarda da ita ba. Awa biyar da ɗoriya darakta ya yi yana ƙin yin magana a madadin Matteo, ya bar shi da sirrinsa, ya bar danginsa da tambayarsu, wannan ne ma ya sa muka gaskata shi. A nan sai ya tausaya wa masu kallo, ya ari hannun mamaci ya sa musu albarka. Nicola da Mirella manya ne da suka sha wuya, sun isa su yanke wannan shawara da kansu, su ɗauki nauyinta ba tare da an zo daga kabari an ce musu ba komai ba. Waɗanda aka yi wa irin wannan rashi ba sa samun wannan izini, da rashinsa suke aure, da rashinsa suke renon marayun. Haka ma rufewar, inda Andrea ya kai ƙurewar Norwe a 2003 ya cika tafiyar da ubansa da baffansa suka fasa, ta ɗaure zaren da kyau fiye da yadda labarin Matteo ya yarda a ɗaure shi.

Shugaban zama, a nan zan dakata, na san akwai waɗanda suka kalli fim ɗin a cikinmu kuma ba su yarda da ni a kan wannan fitowa ba, ina so in ji hujjarsu.